Tambayoyi da Amsoshi kan Tara Tsofaffin Wuƙaƙen Bugis da Gyaran Kubensu na Katako

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawo a bakin waɗanda suka fara tara wuƙaƙen Bugis, ko suka sayi guda ɗaya suka tarar da kubenta a tsage. An fara da na share fage, sannan aka gangara zuwa aikin hannu.

Su wane ne Bugis, kuma me ya sa wuƙaƙensu suka bazu haka?

Bugis al'umma ce ta kudancin tsibirin Sulawesi a ƙasar Indonesiya, masu tsofaffin masarautu irin su Luwu, Bone, Wajo da Soppeng. Maƙwabtansu su ne mutanen Makassar, masu masarautar Gowa, kuma makaman ɓangarorin biyu sun yi kama ƙwarai. Yawancinsu Musulmi ne tun farkon ƙarni na 17. Bone ta karɓi Musulunci a 1611.

Mutane ne na teku da fatauci. Bayan yaƙin da ya kai ga yarjejeniyar Bongaya a 1667, lokacin da Arung Palakka na Bone ya haɗa kai da kamfanin mutanen Holan aka karya Sarki Hasanuddin na Gowa, jama'a da yawa sun yi ƙaura zuwa Riau, Johor, Borneo da Sumatra. Gidan sarautar Selangor a Malesiya, wanda aka kafa a 1766, asalinsa Bugis ne. Shi ya sa idan dillali ya ce maka wuƙa "ta Bugis ce", ba lallai a Sulawesi aka ƙera ta ba. Tana iya zama ƙirar Riau ko ta gaɓar Malesiya a kan salon Bugis, kuma wannan ba aibi ba ne.

Mene ne bambancin kawali da keris?

Kawali, wadda aka fi sani a kasuwa da badik, gajeriyar wuƙa ce mai kaifi ɗaya galibi, da ƙota lanƙwasasshiya kamar mariƙin ƙaramar bindiga. Ita ce ta yau da kullum, wadda namiji ke sokewa a ƙugu. Akwai siririya irin ta Bugis, akwai kuma mai faɗin ciki ta Makassar da ake kira lompobattang. Dattawansu sukan ce rigima tana da tsini uku da ake kashe ta da su: tsinin harshe, sannan auratayya, sai idan duk sun gaza a kai ga tsinin kawali.

Keris kuwa, wadda Bugis ke kira tappi, mai kaifi biyu ce, gindinta ya fi faɗi ta gefe ɗaya, kuma akwai wani ƙarfe da aka gicciya a gindin mai suna ganja. Wata miƙaƙƙiya ce, wata mai lanƙwashe-lanƙwashe, kuma adadin lanƙwasar ba ya rabuwa biyu daidai: uku, biyar, bakwai, tara. Ita ce ta ado da sarauta da gado. Hukumar UNESCO ta sanya keris na Indonesiya cikin gadon al'adun duniya a 2005. Keris na Bugis yakan fi na tsibirin Jawa kauri da nauyi, fuskarsa shimfiɗaɗɗiya, da gangare bayyananne zuwa bakin kaifi.

Wannan zane mai kama da igiyar ruwa a jikin ƙarfen, zana shi aka yi?

A wuƙa ta gaskiya ba zane ba ne, jikin ƙarfen ne. Sunansa pamor. Maƙeri, wanda Bugis ke kira panre bessi, yakan haɗa baƙin ƙarfe da wani ƙarfe mai sinadarin nikel, ya gasa, ya buga, ya ninka, ya sake bugawa, har su zama fale-fale, sannan ya sa ƙarfe mai tauri a tsakiya domin kaifi. Da an wanke wuƙar da abu mai tsami sai bambancin launin ya fito.

A nan Sulawesi take da abin alfahari. Ƙasar Luwu, musamman kewayen tafkin Matano, tana da tama mai nikel a cikinta, kuma an daɗe ana kai ƙarfenta har Jawa, inda ake kiran sa pamor Luwu. Har yau ana haƙar nikel a Sorowako, bakin wannan tafki. Yadda za a bambance pamor na gaskiya da na bogi yana cikin amsa ta gaba.

Yaya zan gane tsohuwa ce, ba sabuwa da aka tsufar da ita ba?

Babu alama guda da za ta yanke hukunci, sai an tara su. Fara da pamor: bi layi ɗaya da ido, ka ga ko fale-falen jikin ƙarfen ne, ko kuma a kan fuska kaɗai ya tsaya. Na bogi da aka ci da asid a sama yake, ba ya shiga jiki. Sannan dubi yadda ƙarfen ya ci. Shekaru ba sa cin wuƙa daidai wa daida: bakin kaifi da tsini da wurin da ke gogar bakin kube su suka fi zaizayewa. Wuƙar da aka jiƙa a asid ko aka binne a ƙasa mai gishiri kuwa ramukanta iri ɗaya ne daga gindi har tsini, kamar da gangan, domin da gangan ɗin ne.

Leƙa cikin kube da tocila. Tsohon kube cikinsa baƙi-baƙi ne saboda mai da tsatsar shekaru, yana kuma da wari irin na tsohon akwati. Idan waje ya yi duhu amma ciki fari tas, an shafa masa launi ne. Ka sani kuma har gobe ana ƙera sababbi masu kyau, a Massepe da ke Sidenreng Rappang, da ƙauyen Aeng Tong-Tong a tsibirin Madura. Sabuwar wuƙa ba laifi ba ce. Laifin shi ne a sayar maka da ita da kuɗin tsohuwa.

Mai sayarwa ya ce ta wani basarake ce, kuma tana da asiri. In ƙara kuɗi?

Kada ka ƙara ko kwabo. Gaskiya ne Bugis suna da dogon ilimi na duba alamomin wuƙa, wace ce ta dace da ɗan kasuwa, wace ce ta manomi, har da auna tsawonta da babban yatsa. Wannan tarihi ne mai daɗin sani. Amma kayan sarauta na ainihi ba sa yawo a kasuwa: na Bone suna Watampone, inda ake wanke su duk shekara a bikin Mattompang Arajang, na Gowa kuma suna gidan Balla Lompoa, ana wanke su lokacin Babbar Sallah. Abin da ya cancanci ƙarin kuɗi shi ne takarda: tsohon rasit, lambar gidan gwanjo, ko hoton da ya nuna wuƙar a hannun wani tun da daɗewa. Labarin baka kyauta ne.

Waɗanne sassa ne a kuben, kuma da wane katako ake yin su?

Kuben keris na Bugis kashi uku ne, kuma masu tarawa sun fi amfani da sunayensu na Malay. Sampir shi ne faffaɗan kan nan da ya gicciya kamar ƙaramin kwalekwale. Batang shi ne doguwar jijiyar da ruwan wuƙar ke kwanciya a ciki. Buntut shi ne murfin ƙasa, mai ɗan faɗi, sau da yawa na ƙahon ɓauna. Wasu suna da toli-toli, wata igiya ko madaukin azurfa da aka ɗaura a gaba. Kuben kawali ya fi sauƙi: katako ne siriri mai ɗan kunne a baki, an ɗaure shi da zoben azurfa, ƙaho, ko saƙar rotan, irin karan nan da ake saƙa kujeru da shi.

Katakon da aka fi so a sampir da ƙota shi ne kemuning, mai ruwan zuma, wanda idan ka juya shi a haske sai ka ga wasu layuka suna motsi a cikinsa. A batang an fi sa sena, wanda ake kuma kira angsana. Akan samu sandal mai ƙamshi da baƙin katakon Makassar. Mai sassaƙa yakan daɗe yana neman gutsuren da layukansa suka faɗo daidai inda yake so, don haka sampir mai kyau shi kaɗai yana iya ɗaukar kaso mai tsoka na darajar wuƙar.

Yaya zan san kuben nata ne, ba aro aka yi mata ba?

Zura wuƙar a hankali ka dubi baki. A kuben da aka sassaƙa dominta, ganja yakan zauna cif a ramin sampir, siffar ramin ta bi siffar ƙarfen, babu wani fili a gefe. Idan ramin ya fi ƙarfen tsawo, ko ka ga an cike gefe da garin katako da gam, ko akwai sabon yanka fari a bakin, to an aurar da su ne daga baya.

Wannan ba ya kashe ciniki. Katako ba ya kai ƙarfe rai, kuma wuƙar da ta shekara 200 mai yiwuwa ta sauya kube fiye da sau ɗaya a hannun masu ita. Abin dubawa shi ne ko salon ya dace: ruwan wuƙar Bugis a cikin kuben Jawa ba ya burge kowa. Idan kuma ganja ya ɗan ɗago sama kaɗan alhali siffar ta yi daidai, wataƙila katakon ne ya tsuke. Duba amsar da ta shafi wuƙar da ta ƙi shiga.

Kuben ya tsage. In gyara shi ko in sa a sassaƙa sabo?

Gyara shi, kuma ka yi mafi ƙarancin gyaran da zai riƙe shi. Tsohon kube mai tabo ya fi sabo mai sheƙi daraja a wurin duk wanda ya san abin, saboda a jikinsa ne ake karanta inda wuƙar ta fito da irin mutumin da ya riƙe ta. Ruwan wuƙa yana iya yin tafiya daga tsibiri zuwa tsibiri, amma kube yakan bi salon garin da aka sa mata shi.

Ƙa'idar ita ce duk abin da ka yi ya zama wanda wani zai iya warwarewa bayanka ba tare da ya fasa katakon ba. Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoto ta kowane gefe. Idan kuben ya lalace har ba ya iya riƙe wuƙar, sa a yi mata sabo na ajiya, amma ka adana tsohon a leda tare da ita, ko da gutsattsari ne. Kada ka jefar da ko ɓallin da ya kai ƙwayar shinkafa.

Wane gam ya dace?

Gam ɗin fata, wanda ake dafawa daga fatar dabba, ko na kifi. Yana riƙe katako da ƙarfi, kuma ɗumi da ɗan danshi suna sake shi idan an so buɗewa. Masu aikin gidajen tarihi suna amfani da Paraloid B-72, wanda ake narkarwa da asiton, musamman wurin manna ƙaho da katako. Farin gam na kafinta yana aiki amma cire shi da wuya.

Wanda ya fi ɓarna shi ne gam ɗin nan mai kamawa nan take da ake sayarwa a ƙaramin bututu. Yana shigewa cikin jijiyar katako, ya bar baƙin tabo mai ƙyalli a gefen tsagar, kuma ba ya ba ka damar daidaita baki da baki kafin ya kame. Gam mai haɗi biyu shi ma na dindindin ne. A bar shi sai inda babu wata dabara.

Yaya ake haɗa batang da ya rabe, ko sampir da ya cire?

Fitar da wuƙar tukuna, ka ajiye ta nesa. Aikin farko, kuma mafi cin lokaci, shi ne cire tsohon gam da datti daga bakin tsagar, domin sabon gam ba ya kama tsoho. Yi amfani da tsinken sakace da auduga mai ɗan ɗumin ruwa, kana yi kana barin wurin ya bushe. Idan mai ya jiƙe bakin katakon, goge shi da asiton a hankali, ban da fuskar waje. Sai ka gwada haɗawa ba gam, har ka ga layukan katakon sun haɗu.

Shafa gam siriri a ɓangarorin biyu, ka haɗa, ka naɗe da tsumma mai laushi, sannan ka ɗaure da robar tayar keke da aka yanka siri-siri. Roba tana matsawa ta ko'ina daidai, ba kamar matsin ƙarfe ba da ke iya murƙushe batang, wanda bangonsa siriri ne. Gam ɗin da ya tsatso waje a share shi nan da nan. Wanda ya tsatso ciki ya fi haɗari, don zai bushe ya riƙa kartar wuƙar, saboda haka zura siririn kara mai tsumma ka kwashe shi. Bar shi kwana ɗaya cur.

Wurin haɗa sampir da batang akwai tarko guda: kusurwa. Idan ka manna su a karkace ko da kaɗan ne, wuƙar ba za ta sake shiga ba. Dabarar ita ce a naɗe ruwan wuƙar da leda siririya, a zura shi yayin da gam ɗin ke da ɗanye domin ya saita sassan biyu, a ɗaure, sannan a zare shi a hankali kafin gam ya kame.

Wani yanki ya ɓace gaba ɗaya. Da me zan cike?

Ƙaramin rami ana cike shi da kakin zuma mai tauri da aka rina ya dace da launin wurin. Babban gurbi, kamar kusurwar sampir da ta ɓalle, sai an dasa katako. Kemuning ya fi, idan ana samu. Ga wanda ke ƙasar Hausa, madobiya 'yar'uwar sena ce ta jini, kanya kuma dangin baƙin katakon Makassar ce, don haka busasshen gutsurensu yana iya yin faci mai kyau. A sassaƙa facin ya bi gurbin, kada a faɗaɗa gurbin don ya karɓi facin, kuma jijiyar katakon ta fuskanci inda ta asali ta fuskanta. Buntut da ya ɓace ana iya yin sabonsa da baƙin ƙaho. Rubuta abin da ka dasa a takarda ka ajiye tare da wuƙar. Wanda zai saya bayanka yana da haƙƙin sani.

Wuƙar ta ƙi shiga har ƙarshe, ko kuma tana karkaɗawa a ciki. Me zan yi?

Kada ka danna da ƙarfi, nan ne yawancin sampir ke tsagewa. Fara juya kuben ka bubbuga a tafin hannu, sau da yawa datti ne ko gutsuren tsumma a ƙasa. Idan katakon ne ya tsuke, shafa ɗan baƙin fensir a gefen ƙarfen, ka zura, ka zare, ka ga inda ya bar shaida a ciki, sai ka kankare wurin kaɗai da siririn magagari, kaɗan-kaɗan. Amma idan a tsakiyar hunturu ne, dakata tukuna ka karanta amsa ta gaba, don damina tana iya mayar da shi yadda yake. Wadda ke karkaɗawa kuwa, manna siririn ɓawon katako a cikin bakin da gam ɗin fata ya isa.

Me ya sa kuben da ya iso lafiya ya tsage bayan 'yan watanni?

Iska ce. An sassaƙa shi a ƙasa mai danshi duk shekara, ya kuma zauna a haka shekara da shekaru. Da ya shiga busasshiyar iska, ko hunturun Kano da Damagaram ko ɗaki mai na'urar ɗumama a Turai, sai ya saki ruwan jikinsa da sauri ya tsuke, alhali ƙarfen da ke ciki da zoben azurfar da ke waje ba su motsa ba. Ƙaho da hauren giwa su ma haka suke yi.

Abin da ake nema shi ne danshin da ke tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100, kuma rashin sauyi na farat ɗaya ya fi adadin kansa muhimmanci. Sa kayan a akwati mai rufuwa sosai, da ƙaramin ma'aunin danshi a ciki, nesa da taga da rana. Sabon zuwa a bar shi cikin ledar da ya zo da ita, a riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan har tsawon makonni. A lokacin sanyi zare wuƙar daga kube ka ajiye su gefe da gefe.

Ina ganin ƙananan huji da gari kamar fulawa. Ƙwari ne?

Idan garin fari ne kuma yana sake zubowa bayan ka share, suna nan da rai. Ware kuben daga sauran kayanka yau ɗin nan. Cire wuƙar, ka rufe kuben a leda biyu ka matse iskar, ka sa a firiza mai sanyin da ya kai 20 ƙasa da sifiri na aƙalla mako guda. Da ka fitar, kada ka buɗe ledar sai bayan kwana ɗaya, domin raɓa ta taru a waje ba a jikin katakon ba. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa wannan hanya ba ta da amfani, don narkewa da daskarewa a kai a kai sun fi ƙwarin illa. Kada a fesa maganin sauro ko a zuba kananzir. Suna ɓata launi, warin kuma ba ya fita.

Zan iya goge shi da samfefa in shafa masa fenti mai ƙyalli?

A'a. Duhun nan da santsin da hannaye suka bari ba sa dawowa idan aka kankare su. Goge ƙura da burushi mai laushi, ka shafa kaki kaɗan, irin Renaissance Wax ko kakin zuma mai tsabta, ka murza da tsumma. Zoben azurfa ma a goge shi sama-sama, a bar baƙin da ke cikin zanen.

Tsatsar da ke jikin wuƙar fa?

Jar tsatsa mai ci ita ce abokiyar gaba. Baƙin launi da ya zauna lafiya a bar shi. Ga 'yar kaɗan, mai da tsinken katako sun wadatar. Ga mai yawa, a can Indonesiya akan jiƙa ruwan wuƙar cikin ruwan kwakwa, ruwan abarba ko lemun tsami, ana fitarwa kullum ana gogewa da burushi. Bayan haka a wanke da ruwan bekin soda don kashe tsamin, a busar sarai, a shafa mai. Injin wasa wuƙa da samfefa ba su da wuri a nan.

Baƙi da farin nan mai ɗaukar ido da ake gani a keris na Jawa aikin warangan ne, haɗin lemun tsami da sinadarin asanik, wanda guba ne mai kisa. Ba aikin gida ba ne, kuma wuƙaƙen Bugis da yawa ba a taɓa yi musu shi ba, launinsu toka-toka ne. Man da ya dace shi ne mara kauri irin na keken ɗinki, a ɗiga masa man sandal idan ana son ƙamshi. Man gyaɗa da man ja suna yin danƙo. A share rarar man kafin a mayar da wuƙar, don shi ne ke jiƙe bakin kube har gam ya ƙi kamawa, kamar yadda aka faɗa a amsar haɗa batang.

Ƙotar tana girgiɗi, ko ta kafe ta ƙi fita. Yaya ake yi?

A keris, ƙota tana zaune ne a kan siririn ƙarfe mai zagaye da aka naɗe da zare ko tsumma, don haka mai girgiɗi sabon naɗi kawai take so, ba gam ba. Kada naɗin ya yi kauri, yana fasa ƙotar daga ciki. Wadda ta kafe, tsatsa ce ta kumbura a ciki ko an sa ƙaro: a ɗumama gindin ruwan wuƙar kaɗan, a murɗa hagu da dama a hankali, a bari ya huce, a maimaita gobe. Kawali dabam take. Ƙarfen da ke cikin ƙotarta ba a yi shi don juyawa ba, galibi da wani ƙaron bishiya mai suna damar aka kafe shi, kuma murɗawa tana tsaga ƙotar. Idan ba ta motsi, ƙyale ta.

Akwai dokar da ta shafi saye da fitar da su?

Akwai, har kashi uku. Dokar kayan tarihi ta Indonesiya, mai lamba 11 ta 2010, ta hana fitar da abin da aka ayyana a matsayin kayan tarihi sai da izinin minista, kuma shekara 50 na cikin ma'aunin da ake dubawa. Dokar gaggawa mai lamba 12 ta 1951, wadda sabon kundin hukunta laifuffuka ya maye gurbin wannan sashe nata daga 2026, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga mai yawo da makami mai kaifi ba bisa ƙa'ida ba. Ta ware kayan gado da na tarihi, amma wannan ba lasisin soke badik a ƙugu a shiga kasuwar Makassar ba ne.

Na uku shi ne hauren giwa, wanda ake samu a ƙota ko buntut na wasu wuƙaƙen manya. Yarjejeniyar CITES ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, kuma Birtaniya ta ƙara tsaurara tata dokar daga 2022. Jami'an kwastan suna iya riƙe wuƙar dungurungum saboda ɗan zobe guda. Kafin ka biya, nemi mai sayarwa ya rubuta maka abin da aka yi kowane sashe da shi, ka kuma tambayi kwastan na ƙasarka da kamfanin da zai ɗauko kayan ko suna karɓar wuƙa, domin wasu ba sa ɗauka ko da ta tarihi ce.